Firam Uku da Kunnen Kawuna

Har yau, idan mai koyon aikin kwamfuta ya tambaye ni ko ya raba shafin intanet da firam, sai in ji raina ya ɓaci tun kafin in buɗe baki. Ba shi ya yi mini laifi ba. Kawuna nake tunawa.

A lokacin ina da ɗan shago a Fatakwal, kusa da kasuwar Mile 3, ina buga wa mutane takardu da katin biki. Ƙungiyar 'yan kasuwarmu na Arewa, masu albasa da dillalan shanu da mahauta, tana da rassa uku: Fatakwal, Onitsha da Enugu. A wani zama aka ce a yi wa ƙungiya shafi, a riƙa sa sanarwa: wa ya rasu, wa ke kwance, wace hanya ta lalace, yaushe ne taro. Da aka waiga neman mai yi, ni kaɗai aka gani zaune gaban kwamfuta daga safe har la'asar. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Na kai wa dattawa gwajin farko. Shugaban reshenmu ya sa tabarau ya ce in ja shafin ƙasa ya ga sanarwa. Ina ja, sunansa da na sauran shugabanni suka haye sama suka ɓace. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ina muka tafi?"

Na ce, "Kuna nan, Alhaji, sama kuka yi."

Ya ce, "Bai kamata a ce ana karanta maganar ƙungiya shugabanni sun fice daga ɗaki ba. A gyara."

Nan firam ya zo mini kamar don mu aka yi shi. Firam hanya ce ta yanka allo kashi-kashi, kowane kashi shafi ne mai zaman kansa, kamar shago ɗaya da aka gitta katako aka raba wa mutum uku. Na sa sallama da sunayen shugabanni a kashin sama, su tsaya cak ko an ja ko ba a ja ba. Jerin garuruwa a hagu, sanarwa a dama. Sai kuma rigima ta biyu ta taso. Mutanen Onitsha suka ce reshensu ya girmi namu, don me sunayensu za su zo ƙasa? Na Enugu suka ce su ba 'yan rakiya ba ne. Ni kuma sarkin dabara, sai na sa kashin sama ya riƙa sabunta kansa duk bayan rabin minti: yanzu Fatakwal a gaba, an jima Onitsha, an jima Enugu. Kowa ya ga sunansa a sama, kowa ya yi murmushi, aka yi ta sa mini albarka.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya yi shekaru yana aikin akawu a tashar jiragen ruwa, har hawan jinin ido ya cinye masa gani a hankali. Abin da ya fi ci masa rai a makantar shi ne a karanta masa abu. Ya kan ce duk wanda ya karanta maka wasiƙa sai ya zaɓar maka abin da za ka ji. 'Yarsa da ke aure a Enugu ta samo masa kwamfuta mai manhajar da ke karanta abin da ke allo da murya. Muryar Bature ce, tana tauna Hausa kamar ɗanyen rogo, amma kunnen kawu ya saba da ita, yatsunsa kuwa sun san maɓallai tun zamanin tafireta.

Kafin shafin, al'adar ƙungiya ita ce in an yi rasuwa a ɗaya daga cikin garuruwan uku, sakatare ya hau okada ya je har gidan kawu, a gaisa, a zauna, sannan a faɗa masa. Ranar da aka buɗe shafin a gaban jama'a, bakina ya ƙi shiru. Na ce ai yanzu ko kawu da kansa zai riƙa karanta komai. Kawu ya gyara zama ya ce, "To ku huta da zirga-zirga. Kada wanda ya ƙara wahalar da kansa saboda ni." Na daɗe ban ga fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

Na bi shi gida na buga masa adireshin. Muryar ta fara sallama, ta kama sunan farko, na ce shi ke nan, aiki ya yi. Na tare okada na koma shago. Ko minti ɗaya ban tsaya ba.

Bayan nan duk sa'ad da na tambaye shi, "Kawu, ya shafi?" sai ya ce, "Yana magana." Ni kuwa yabo na ɗauka.

Kawu yana da amini a Onitsha, dillalin albasa a kasuwar Head Bridge. Mota ɗaya ta kawo su Kudu suna samari. Da aminin ya rasu, ni aka aiko wa sanarwar, na buga ta da addu'arta cif. Ya zo mini a rai in je wurin kawu, sai na ce ai zai fi son ya ji da kansa, ga shi kuma shago cike da masu jiran takarda. Sakatare ma haka ya yi tunani. Dattawan da suka san amincin suka wuce Onitsha, suna zaton idonsa ne ya hana shi tafiya. 'Ya'yan mamacin ba su da lambarsa, domin a ka mahaifinsu ya riƙe ta. Kwana takwas babu wanda ya ce da kawu uffan. Sai ranar Juma'a kawu ya buga wa aminin waya don su gaisa kamar yadda suka saba lokaci-lokaci, babban ɗan ya ɗauka.

Da safe ya aiko in zo. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya iyali, ya kasuwa, ya gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba, har na fara jin tsoro. Sannan ya juya kwamfutar ta ba ni baya, ya ce, "Zauna nan. Ba gani za ka yi ba, ji za ka yi."

Muryar ta ce akwai firam, da firam, da firam. Ba ta faɗi wanne ne na me ba, domin ban ba ko ɗaya suna ba. Mai ido ba ya buƙata, shi ya sa ban yi ba. Kawu ya shiga na farko. Sallama, sannan shugabannin Fatakwal ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa da addu'arsa. Ya fara laluben hanyar wucewa gaba. Kafin ya kai, kashin sama ya sabunta kansa, muryar ta yanke ta koma farko. Sallama kuma, wannan karon da shugabannin Onitsha. Na uku a jerin shi ne amininsa, da "Allah ya ƙara masa lafiya" a bayan sunan, yadda na rubuta tun ranar farko ban taɓa ba.

Kawu ya ce, "Wata biyu ke nan ina jin sunayen nan, na haddace su. Jiya da safe ma na ji nasa, na ce amin."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "A gaban jama'a na ce a daina zuwa. A gaban jama'a kuma aka sa maka albarka. Wanne zan warware?"

Daga baya na koyi cewa manhajar tana da maɓallin tsallakawa daga firam zuwa firam, kuma da na ba kowanne suna, na bar sabuntawar nan ta banza, da wataƙila ya kai ga sanarwa. Don haka ba zan ɗora wa firam laifin duka ba, nawa ya fi yawa. Amma na lura da halinsa: shafi uku ne ake nuna maka a matsayin ɗaya, kuma ido ne kaɗai ke haɗa su. Wanda ke bi da kunne, ɗakuna uku yake tararwa ba ƙofa a tsakani. Ko masu ido ba su tsira ba. In ka aika wa wani adireshin wata sanarwa, shafin farko zai buɗe masa. A waya kuwa sunayen shugabanni sukan cinye allon, sanarwa ta maƙale a ɗan lungu. An sha kawo mini wannan ƙorafi, ina cewa wayoyinsu ne ba su da kyau.

A ranar na rushe shafin na sake gina shi guda ɗaya, sanarwa a sama, sunaye a ƙasa. Shugaban reshenmu ya zo shago da faɗansa. Ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba. Na ce masa, "Alhaji, sunanka ba zai gudu ba, amma mutum ya mutu an rasa mai ji." Ya juya ya fita.

Na kai wa kawu sabon, na zauna har muryar ta karanta masa sanarwar daga farko zuwa ƙarshe. Ya ce, "Ya yi." Sannan ya ce in shirya, gobe za mu Onitsha.

Mun isa bayan azahar. An riga an naɗe tabarmin zaman makoki, sai babban ɗan ya shimfiɗa mana wata a ƙofar gida. Yaron Onitsha ne, Hausarsa na gauraye da Turancin kasuwa, amma ya durƙusa yadda ya kamata. Kawu ya yi addu'a mai tsawo, ya ba da haƙurin rashin zuwa da wuri, bai ambaci shafi ba, bai ambace ni ba.

Ɗan ya ce, "Ba komai, Baba. Kwana huɗu ya yi a asibiti, kullum sai ya tambaya ko ka iso. Muna ce masa ai an sa a shafi cewa yana kwance, kana hanya."

Kawu ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Ni na buga waccan sanarwar ta rashin lafiya ma, da hannuna, har na duba ta sau biyu don kada a sami kuskure.