Tsohuwar da Ta Kwashe Wutar Gari a Ƙwarya

A gidanmu na Dutsin-Ma, da an idar da isha'i lokacin kaka, Inna Babba takan jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura ɗanyar gyaɗa cikin toka mai zafi. Ita ce mahaifiyar babanmu. Mu jikoki bakwai sai mu kewaye ta muna jiran gyaɗa da labari. Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne, amma akwai guda wadda in za ta ba da ita sai ta gyara zama, fuskarta ta tsuke.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta," in ji ta. Mu ce ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa.

Wai akwai wata bazawara, Tabawa, mai ƙuli-ƙuli a wani ƙauye. Ɗan mai unguwa ya kwanta zazzaɓi, cikin zafin ciwo ya ambaci sunanta, don takan ba shi ƙuli kyauta. Shi ke nan aka ce mayya ce, ta kama kurwarsa. Aka jawo ta tsakar gari, aka tilasta mata ta tsallake yaron sau uku, aka cinna wa rumbunta wuta. Matan da suke surfe tare su suka raka ta da jifa har bakin rafi.

Ta yi ta tafiya har ta hango hayaƙi bayan wani dutse. Gidan tsofaffi uku ne, mayu na gaske, waɗanda muciyarsu ke tuƙa tuwo da kanta. Babbar ta dubi jinin da ke goshin Tabawa, ba ta tambayi komai ba, ta dafa ruwa ta gasa mata. Ta biyu ta tsefe mata kai. Ta uku ta ajiye mata tuwo da miyar kuka, man shanu na narkewa a kai. Suka ce daga yau ita ce autarsu.

Sai da ta ƙoshi ta ba su labari. Babbar ta ɗauki ƙwarya ta nufi ƙauyen, ta bi gida-gida tana kiran wuta yadda ake kiran kaji. Garwashi ya yi ta tsalle yana faɗawa ciki, ta rufe da faifai ta dawo.

A nan Inna Babba takan tona murhu da kara, idonta na ƙyalli. "Mutanen ƙauyen suka ƙyasta wuta, ta ƙi. Suka ɗebo daga wani gari, kafin su shigo ta mace. Kwana arba'in suna cin gari da ruwan sanyi! Wanda ya ƙona rumbun kuwa, sanyi ya shige mashi ƙashi, da tsakar rana ma karkarwa yake."

Da wuya ta yi wuya suka zo da dammunan gero a ka, suka durƙusa. Tabawa ta sa suka gina mata rumbu a gidan tsofaffin, suka cika shi, sannan ta ba su garwashi guda a kasko. Ba ta bi su ba.

"Inna, ta yafe masu?" ƙanwata Rabi ta taɓa tambaya.

"Wa ya ce maki? Wuta ta ba su don ƙananan yara. Yafiya ta riƙe abinta."

Sai ranar sadakar ukun Inna Babba, ina magidanci, Gwaggo Hanne ta zaunar da ni. Bafulatana ce mai nono, wadda na tashi ina zaton 'yar'uwar Inna ce ta jini. Ta ce Tabawar nan Inna ce, ita aka kora daga wani ƙauye bayan Kurfi, da babanmu a goye. Ita da wata Kirista mai ɗinki, Mama Rahila, suka tsince ta a tasha, suka zauna ɗaki ɗaya da ita shekara tara.

Na ce, "Gwaggo, sun zo neman gafara?"

"Ko mutum ɗaya, ɗan nan."

Ashe a bakin murhunmu kaɗai Inna ta samu ramawa, shi ya sa take maimaitawa. Yanzu 'ya'yana na kiran jikokin Mama Rahila 'yan'uwa, kuma haka ne. Amma duk lokacin da na wuce mararrabar ƙauyen nan a hanyar Kurfi, na hango hayaƙin girkinsu yana tashi lafiya lau, sai in ji raina ya ɓaci. Ban taɓa karya kan mota na shiga ba.