Ranar da Kafaɗata Ta Kasa Ɗaukar Makara

Edita, barka da aiki. A shekarun da tashin bamabamai ya addabi Kano, ni tela ne a Sheshe, magidanci, kuma wallahi ba ni da aboki kamar sukari. Dokar hana fita ta zaunar da mu a gida, fargaba ta yi mana katutu, sai na mai da shayi abin rarrashin zuciya. Ba na sha sai ya yi zaƙi cakwai, in bi da lemon kwalba. Tumbi ya fito, 'yan majalisarmu suna tsokanata wai Alhaji ya samu kwangila. Ni kuwa kullum a gajiye, da na ji kasala sai in ƙara sukari, a ganina ƙarfi nake sha.

Rannan aka kawo gawar maƙwabcinmu da harbi ya rutsa da shi a hanyar kasuwa. Bayan sallah na sa kafaɗa a makara kamar kowa. Ko lungunmu ba mu fita ba gwiwoyina suka saki, makara ta karkata. Wanda ya yi wuf ya karɓe ni mahaifina ne, tsoho mai furfura. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige! Da muka dawo Baba bai yi mini faɗa ba, tambayata kawai ya yi, in tasa ta zo wa zai ɗauke shi.

Likitan da na gani ya ce rarar sukari kitse take zama, kuma cikin ƙwayoyin kitsen akwai 'yan murahu masu ƙona abinci su ba da ƙarfi. In sukari ya yi musu yawa sai su shaƙe, kamar murhun da aka danƙara wa itace, hayaƙi ba wuta. A ranar na yi rantsuwa na daina shan sukari. Na sha ciwon kai, maiɗakina ta sha masifata, amma ban waiwaya ba. Da an ɗage doka da safe sai in taka zuwa gindin dutsen Dala ina haki, har na zo ina hawa samansa.

Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa. Daga ƙofar gida har makabarta ban sauke kafaɗa ba, masu neman lada suna ta taɓa ni in ba su wuri, na ƙi. Ni na shiga kabari na karɓe shi.

'Yan uwa, na koyi cewa sukari ba maganin gajiya ba ne. Ku rage tun yanzu, don akwai ranar da za a nemi kafaɗarku, kuma ba a ɗaga ta.