Baba Yamusa Mai Huda Duro

Da safe, kafin ma'aikata su fara shiga kamfanin haɗa rediyo da talabijin da ke hanyar Gwagwalada, ƙarar guduma ce take fara tashi daga bayan gini. Baba Yamusa ke nan, mai kula da sharar kamfanin. Zai kifa duron da aka juye sinadarin wanke kayan cikin rediyo daga cikinsa, ya ɗora ƙatuwar ƙusa a gindinsa, ya yi ta huda har ya koma kamar rariya. Ina jin ƙarar daga bakin ƙofa, inda nake sayar da shinkafa da wake.

A watan nan ya ajiye aiki. Ni ba mai magana a gaban jama'a ba ce, amma raina ya ɓaci, shi ya sa na rubuta.

Lokacin da gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja, an tashe mu daga bakin rafinmu, aka kai mu kan tudu inda ba ruwa sai na tanka, tankar ma ba kullum ba. Matar da ba ta da abin tara ruwa ta shiga uku. Sai ga kamfani yana fitar da manyan duro masu shuɗin fenti, har da murfi. Manyan kamfanin suka ce a riƙa raba wa mutanen gari, wai taimako ne, wai an rage shara. Ga hoton ƙoƙon kai, alamar guba, a jikin kowane duro, manyan kuma ba makafi ba ne.

Baba Yamusa shi yake ɗauraye duron. Ku dubi hannuwansa, fatar ta cinye har wuyan hannu. Ya ce abin da ya yi masa haka ba zai shiga cikin yaran garinsu ba. Tun daga ranar da ya faɗi haka, duro bai sake fita da gindi lafiya ba.

Ladansa zagi. Maƙwabciyarmu Mama Lucia ta taɓa tare shi a gaban teburina.

"Yamusa, kai wane irin mugu ne? Oga ya ba da kyauta, kai ka ɓata! Duron na babanka ne?"

"Na babana ne, Lucia. Shi ya ce in huda. Je ki kai ƙara kabarinsa."

Daga baya wani maigadi ya fitar mata da guda marar huda ta bayan katanga. Ta saɓo shi a kafaɗa har gida tana murna. Ba a jima ba jikin 'yarta Serah ya yi ƙuraje, bakinta ya yi gyambo, ko kunu ba ta iya haɗiya. Baba Yamusa bai ce "ai na faɗa" ba. Ya je da gudumarsa ya huda duron a tsakar gidan, ruwa na kwarara, Mama Lucia na kuka. Ya ɗauki yarinyar a keke zuwa asibiti. Washegari ya aiko musu da randar marigayiya matarsa. Serah tana nan da ranta, yanzu ita ma uwa ce.

Baba, kai ne ka yarda a ƙi ka don 'ya'yan masu ƙin ka su rayu. Kai ne garkuwar da ba a gode wa ba.

Satin da zai tafi, kamfani ya yi bikin kare muhalli. An dasa bishiyoyi a bakin ƙofa, an ɗauki hotuna, an yi wa Oga Alexander, shugaban kamfanin, tafi. Baba Yamusa yana tsaye a baya da tsintsiya, yana jiran su gama ya share. Ko sunansa ba a kira ba. Sharar kuma an ba wani ɗan kwangila, yana kwashe duron da mota yadda suke.

Shekaranjiya na je kasuwar kifi ta Kado. Na ga shuɗin duro da hoton ƙoƙon kai, cike da ruwa, tarwaɗa na iyo a ciki. Na leƙa gindinsa. Ba huda ko ɗaya.

Baba, mun gode. Allah ya saka maka, ya warkar da hannuwan nan. Ku kuma ma'aikatan da kuke cin abinci a wurina, ya bar ƙusar da gudumar a ƙarƙashin teburina. Ba su da nauyi. Wani ya zo ya ɗauka kafin motar ɗan kwangilar ta sake dawowa.