Baba Tasi'u da Kwalbar Aidin

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar la'asar, aka aiko mini daga Lajawa cewa Baba Tasi'u, jagoranmu a farauta, ya rasu. Na zauna a bakin shago na kasa tashi.

Baba, tun da amai da gudawa suka ɗauke ƙaninka a daji saboda ruwan kududdufi, ba ka ƙara fita ba sai da 'yar kwalbar aidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a aljihu. Ka tace ruwa da rawaninka, ka ɗiga maganin, ka rufe jarka, kowa ya jira. Mun sha yi maka tsiya cewa ruwanka warin asibiti yake. Kai kuwa naka daban kake tafasawa a gwangwani, sai kowa ya sha kake sha. Daga nan ƙananan maganganu suka taso, wai maganin hana haihuwa kake ba mu.

Ba zan manta da bazarar da muka nausa dajin Ningi a ƙafa ba. Ruwanmu ya ƙare tun hantsi. Da muka isa wani tafki da shanu suka dagula, Ƙasimu, ɗaya daga cikinmu, ya yanke jiki ya faɗi, leɓɓansa sun tsattsage. Ka ja shi inuwa, ka jiƙa masa kai, ka ɗebo ruwan tafkin a jarka ka ɗiga maganin, sannan ka hau kan jarkar ka zauna. Lukman, ƙanin Ƙasimu, ya nufi tafki da kwano, ka daka masa tsawa. Ya juyo da adda a hannu, idonsa jawur.

"Baba, yayana zai mutu kana zaune a kan ruwa. Ruwan ma da kai ba ka sha."

"Ka ba shi na tafkin nan, gawarsa za ka kai gida," ka ce. "Jira."

 Numfashin Ƙasimu kawai muke ji. Ni dai tsoro ya kama ni. Da lokaci ya cika ka buɗe jarkar, ka cika kwano, ka shanye a gabansa, sannan ka sake cikawa ka miƙa masa. Ƙasimu ya sha, ya farfaɗo.

Sai da muka dawo Lajawa iyalinka, Inna Zuwaira, ta gaya mana kana da ciwon maƙoƙo, likita ya hana ka aidin. Bayan kwanon nan da ka sha ka yi kwanaki zuciyarka na bugawa da sauri, ba ka gaya wa kowa ba. Na ji haushin shirunka, Baba, har yau ina ji.

Ƙasimu yanzu 'ya'yansa uku. Shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Ranar sadakar uku Lukman ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ya ce kwalbar ya zo roƙo. Ta miƙo masa haɗe da rawanin.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zuwaira da 'ya'yanka da mafarautan Lajawa da Kausani, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Kai da kullum kake sha a ƙarshe, Allah Ya shayar da kai daga Alkausara cikin sahun farko.