Mai Shiga Gidan Kuka

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadamar Gulma, ina ɗaliba, makaranta ta tura ni koyon aiki wurin malaman gona a Birnin Kebbi. Aikinmu zagaya manoman da suka yi asara. Da safe mota ke ɗaukata a bakin titin Badariya, in zauna baya da littafi a cinya, ba na cewa komai.

A cikin motar nan na koyi wa ake turawa wurin wa. Ba a ofis ake faɗa ba, a hira ake faɗa. Manomin da ya taso da faɗa, direba za a bar masa, don shi zai ja shi da barkwanci har ya huce. Mai gari na shugabanmu ne. Gidan da ake kuka kuwa na wata dattijuwar ma'aikaciya ne da kowa ke kira Inna.

"Ke ɗiyata, ki riƙe wanga," in ji direba. "In kin ji kuka, ki matsa ki ba Inna hanya. Ita ko dutse ta zauna kusa da shi sai ya yi ajiyar zuciya."

Inna ta ce, "Kai dai tuƙa motarka, sarkin surutu."

Maza ba sa shiga cikin gida, don haka ni kaɗai ke bin ta. Na ga yadda take zama a tabarma, ta riƙe hannun matar da bashin taki ya hau kan mijinta, ta bar ta ta yi kukanta. Na kuma ga abin da su ba sa gani. Kafin mu fito, takan tsaya a zaure ta jingina da bango. Ta daina cin abincin rana. Wata rana a wani zaure ta ce mini, ba ta kalle ni ba, "Na gaji, ɗiyata. Wallahi na gaji."

Na daɗe ina shirya maganar a raina kafin na iya tsayar da shugaba a Argungu, inda muka tsaya salla.

"Ranka ya daɗe, Inna ba ta da lafiya. A ɗan hutar da ita."

"Mi ya same ta? Zazzaɓi?"

"A'a. Gidajen ne."

Ya yi murmushi. "Ke baƙuwa ce. Mu mun san Innarmu."

Suka ci gaba da tura ta. Kafin a fara noman rani ta nemi a mayar da ita ofis, daga baya ma ta daina zuwa.

Ranar farko da muka fita ba ita, mun tsaya ƙofar wani gida, kuka na fitowa daga ciki.  Sai shugaba ya juyo wurina.

"Ke kin iya shiru. Shiga."

Na ajiye littafina a kujera na sauka.