Gitar Manzo a Lungun Randa

A Yekuwa ba wanda ke son Manzo, shi ma bai taɓa ɓoye cewa ba ya son kowa ba. Ɗan gidan makaɗa ne, amma tun da ya dawo daga cin rani a Agadas rataye da gita, yake kallon gangar gidansu kamar abin kunya. Yayansa Wada, mai kiɗa wa manoma ranar gayya, shi kuma ya raɗa wa gitar suna akwatin 'yan iska. A haka suka manyanta gida ɗaya, gaisuwa sama-sama.

Gitar nan ita kaɗai Manzo ke tausayi a duniya. Itacenta ba kauri, in rani ya tsananta sai ya bushe ya nemi tsagewa. Don haka ya ƙwace lungun randar matarsa Tani, ya zuba yashi yana yayyafa masa ruwa kullum, ya rataye gitar a sama inda danshi ke tashi. Ruwan da Tani ke ja a rijiya har hannunta ya yi kanta, yashi ke shanye rabinsa. Ta yi mita har ta gaji. Akuya ta leƙa ɗakin ta sha jifa, baƙo ya miƙa hannu ya sha zagi.

Wata bazara aka gayyace shi kiɗan suna a Dogo-Dogo, karon farko da wani ya neme shi saboda gitar. Da hantsi ya fita neman ɗan kabu-kabun da zai kai shi. Wada ya shigo shan ruwa, ya taɓa tsirkiyar gitar, ya ji muryar ta yi sanyi. Shi dai abin da ya sani, ganga in ta sha danshi rana ake kai ta ta ɗame. Ya fito da gitar ya kwantar a kan amalanke, a tsakar gida.

Bayan azahar Manzo ya dawo ya tarar fuskarta ta tsage daga rami har ƙasa, jakin, wato ɗan itacen da ke riƙe tsirkiyoyin, ya ɗago.

Wada ya ce, "Gyara maka na yi. Da wannan mataccen sauti za ka je ka kunyata gidanmu?"

Abin da ya fi ƙona wa Manzo rai shi ne ya san gaskiya Wada ya faɗa, taimako ne, kuma shi ne na farko da ya taɓa yi masa.

Ya ce, "Yaya, da mugunta ce da na yafe."

Bai je sunan ba. Washegari ya kafa zana ta raba tsakar gidan biyu, ya mayar da fasasshiyar gitar mazauninta.

Bana Wada ya kwanta ciwo, ya aiko Tani ta kira masa ƙanensa. Manzo ya ce ta gaya masa yana yayyafa wa yashi ruwa.