Alamar Gida a Fatar Ido

Mun tashi da asuba daga Katsina, mu uku a motar haya, ɗauke da saƙon Farfesa. Farfesa malamina ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana binciken kitsen da ke taruwa a jini har ya toshe hanyoyin zuciya, musamman irin wanda ake gada. Ɗalibansa sun cika asibitoci, ko a ƙasashen waje in ana zancen wannan ciwo sai an ambaci aikinsa. Amma yayansa da ke Sabuwa ya daɗe yana kukan ƙirji, ya ƙi zuwa a duba shi. Farfesa ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, shi ne ya ce in je in lallaso yayan nasa, Alhaji, in taho da shi.

Da hantsi muka shiga Ƙanƙara, ranar kasuwa ce, babura da buhunan dawa sun tare hanya. Muka tsaya karin kumallo. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, man kuwa har naso yake a takarda. Abokan tafiyata suka sa ni gaba da tsiya, wai ga ɗalibin Farfesa yana lashe yatsa. Ban kula su ba, na ƙara sayen wani.

Daga nan zuwa Faskari raha ta ɗauke. Hanyar ramuka ce, ga shingayen jami'an tsaro, ga gonaki masu kyau da ciyawa ta cinye saboda masu su sun daina zuwa. Direba ya kashe rediyo, wayoyinmu ma suka daina kama sabis. A Faskari muka yi azahar, muka sha fura, muka bi ta Dandume.

Bayan la'asar muka isa Sabuwa. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan, na san ba lafiya ba. Ashe Alhaji ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, an kai shi makwancinsa lokacin da muke cin ƙosai a Ƙanƙara.

Babban ɗansa ne ya karɓi gaisuwarmu, magidanci ne da bai wuce sa'ana ba. Ina yi masa ta'aziyya idona na kan fatar idonsa. Wasu ɗige-ɗige ne rawaya, kamar man shanu ya ɗiga ya daskare. Hoton irinsu Farfesa ya fara nuna mana a aji. Da jama'a suka ragu na tambaye shi.

"Ai likita wannan alamar gidanmu ce," ya ce, har da ɗan murmushi. "Baba shina da ita, kakanmu ma haka. Duk wanda ta fito mashi, mun san jinin gida ne."

Na ja shi gefe na gaya masa cewa alamar kan nuna kitse ya yi yawa a jini, kuma mai yiwuwa abin da ya ɗauke mahaifinsa ke nan, amma akwai magani in an gano da wuri. 

"Baba Farfesa bai taɓa faɗa mana ba," ya ce. "Bari a yi addu'ar bakwai, mu ga abin da Allah zai yi."

Washegari da za mu tafi, Hajiya, matar mamacin, ta aiko da kwalbar man shanu. Ta ce a kai wa Farfesa, yanzu shi ne babba a gidan, kuma yayansa bai taɓa cin tuwo gaya a hannunta ba. Na karɓa da hannu biyu, ƙwalla ta cika mini ido.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin a raina. Na gane ilimi kan yi nisa ya bar ƙofar gidan mai shi, kuma mutane ba su ƙi ji ba, ba a zauna da su ba ne.

Na sami Farfesa a gida, labarin rasuwar ya riga ni zuwa. Na ba shi kwalbar, na faɗa masa abin da na gani a idon ɗan yayansa. Ya riƙe kwalbar a cinyarsa.

"Na yi wa duniya bayani da Turanci," ya ce, "ban taɓa zama a zauren gidanmu na faɗa da Hausa ba. Ka nemo mana mota. Da ni za a yi addu'ar bakwai, kuma ba zan dawo ba sai da ɗan nan nasa."